Jirgin Asabar

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Salla, da ƙarfe tara na safe, wani tsohon direban jirgin ƙasa ya sake hawa injin da ya daɗe da rabuwa da shi. Jirgin ma'aikata ne a da, mai kwaso leburori da akawuna daga ƙauyuka zuwa birni. Da motoci suka yawaita aka jingine shi a bayan tasha, awaki suka mai da taragunsa wurin shan inuwa. Har 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun fara zagaya shi, sai wasu masu kishin tarihi suka yi masa fenti, suka gyara wani guntun layin dogo da ya ƙare a bakin rafi, don mutane su riƙa hawa shan iska.

Abin bai yi wa direban daɗi ba. A ganinsa jirgin da ba ya kai kowa wurin aiki abin wasa ne, mai jansa kuma abin dariya. Ya faɗa wa matarsa sau ɗaya zai ja shi, su yi sallama. Daga nan gara a kai jirgin a narkar da shi, ya fi mutunci. Ya ja shi kuwa yadda ya saba, bai waiwaya ba sai bakin rafi. Ya leƙo ta taga yana jiran abin da ya sani: mutane na dirowa tun jirgi bai gama tsayawa ba, kowa na gudun makara. Yara suka sauka da gudu suka nufi ruwa. Manya kuwa ba su sauko ba.

Ya sauko ya bi taragun. A na ƙarshe ya tarar da wata tsohuwa a bakin taga, ta dafa kujerar da ke gefenta, ba kowa a kai. Ya ce mata an iso.

Ta ce, "Na sani, Malam. Nan marigayi maigidana yake zama in za mu birni. Ɗan dakata mini."

Direban ya samu wuri ya zauna, karo na farko a rayuwarsa a kujerar fasinja. Waɗanda suka rage a taragon har rana ta take su ne tsohuwar nan, da wani tela mai rawar hannu, da tsohon masinja da sandarsa, da makaho wanda ya ce ƙarar ƙafafun jirgi kawai ya zo ji, sai shi direban, wanda bai ƙara zancen narkewa ba, kuma duk Asabar shi yake riga kowa isa tasha.

Magabata sun yi gaskiya: da tsohuwar zuma ake magani.