Kyandir a Layin Matattu

Sabon ɗankwali Inna Ljubinka ta ɗauro, alhali aikin sa-kai muka zo, goge hubbaren sarki da ke cikin coci. Ɗanta Radoje zai iso daga Jamus.

Ya shigo cocin da matarsa Bajamushiya. Ya ga Inna durƙushe da tsumma, ya kau da kai, ya sayi kyandir wurina, don ni ke sayarwa a cocin.

"Baiwar Allah, har yanzu kyandir ɗin addu'a na masu rai a layin sama ake kafawa, na matattu a layin ƙasa?"

"Har yanzu."

"Mahaifiyata likita ce," ya gaya wa matar. "Tun ina yaro ta rasu."

Ya sumbaci kyandirin, ya ce "Ljubinka," ya kafa shi a layin ƙasa.

Inna ta matse tsumman, ta shanya a bakin bokiti, ta fita ta ƙaramar ƙofa.