Jitar Yaya da Ƙugin da Ya Shige Ta

Yana jona wayar a sifika sai abin ya sake tashi, zuuuuu, kamar an kulle ƙudan zuma a cikin gwangwani. Kwana na huɗu ke nan fa. Shi wannan saurayin da nake ba ka labari makaɗin jita ne, bes, mai tsirkiya huɗun nan da ke dukan ƙirji, yana bin wata ƙungiya suna kiɗan biki. Jitar kuma ba sayenta ya yi ba, ta yayansa ce da ya rasu a hatsarin mota shekara biyu baya. Shi yayan irin mutanen nan ne masu hannu, da kansa ya zauna ya naɗa wayar tagulla siririya kamar gashi a jikin maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda shi ke ɗauko sauti ya kai sifika. Shi ya sa muryar jitar ta fita daban, mai kauri, da ɗan dishi-dishi. Wallahi duk ranar da yake gwaji a zaure, mahaifiyarsu sai ta jawo kujerarta bakin ƙofa wai tana tsince shinkafa, alhali kowa ya san muryar babban ɗanta take saurare. To ga ƙugi ya shigo. Shugaban ƙungiya ya ce masa ko ya gyara kafin bikin Asabar, ko a nemo wani.

Ka san mu da gaggawa. Ya canza waya, ƙugi na nan. Ya ari sifikar wani, ƙugi na nan. Ya kashe fanka, ya matsa nesa da firij, ya ɗan ragu amma bai tafi ba. Sai mai kiɗan gangarsu, wanda ko batirin tocila bai iya sa wa daidai ba, ya ce ai maganaɗisun ne ya tsufa, a cire kawai a sa na zamani. Saurayin nan, bawan Allah, bai tambayi kowa ba. Ya sa sukudireba ya ɓanɓare, wayar nan da yaya ya naɗa ta tsittsinke a hannunsa. Da 'yan gwangwan suka zo wucewa da amalanke, ya haɗa musu da tsohuwar fitila da murfin tukunya. Ya ɗaura sabo fil daga kwali, ya jona, ya yi bisimilla. Zuuuuu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya saɓa jitar sai rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa. Dattijon bai kunce komai ba tukuna. Ya jona, ya kasa kunne. Ya ce, "Ɗana, ɗora hannunka a kan tsirkiya." Ya ɗora, ƙugi bai ko motsa ba. Dattijon ya ce to taɓa ƙarfen bakin ramin da waya ke shiga. Yana taɓawa, tsit! Dattijon ya gyaɗa kai kawai. Ya kunce farantin ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi, sai ga wata 'yar waya a ƙarƙashi, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, gumin hannu na shekaru ya sa ta yi tsatsa ta rabu da ƙarfen. Ita ce ke haɗa tsirkiya da sauran ƙarafan jitar, har jikin mai kiɗa ya riƙa shanye ƙugin. Ya kankare tsatsar, ya ɗiga mata dalma, ya mayar. Ko shayin da ke gefensa bai huce ba aka gama. Sannan ya shafa sabon maganaɗisun da yatsa, ya ce ina na asalin, don shi bai ga laifin da ya yi ba. Saurayin nan ya saɓa jitarsa ya fita.

Ya bi 'yan gwangwan har inda suke tara kaya, aka nuna masa toka, an riga an ƙona an kwashe tagullar. Ya dawo gida la'asar sakaliya, ya zauna a zaure ya kaɗa. Ƙugi kam babu, sauti tas, ko a gidan rediyo sai haka. Aikinsa na Asabar ya tsira. Mahaifiyar ta fito da farantin shinkafarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara jim kaɗan, ba ta zauna ba. Ta ce, "Auta, wannan ta wa ka aro? Ina ta yayanka?"

Ni dai da aka ba ni labarin nan ina cin abinci, sai da na ajiye cokali. Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido. Kai da kake karantawa, in kai ne a zauren nan da jita a cinya, me za ka ce wa tsohuwar?