Gam Ɗin Da Ya Ƙi Kamawa

Hadiyya ta ga wani farin gari a bakin hannun rigar Baba, amma hankalinta na kan falankin katakon da ya sake wargajewa a hannunta. Karan gero take niƙawa, ta cakuɗa da gam, ta danne ya zama falanki, yadda ta koya a jami'a. A can yana kamawa. A nan Daura ya ƙi.

Ta sauya gam. Ta aika Mai'adua aka kawo wani. Duk ɗaya. Ga shi Baba ya ce in Sallah ta zo babu falanki ko guda, ta rufe rumfar aikinta ta karɓi aikin koyarwa. Dama tun farko bai so sana'ar ba.

Da haushi ta tona tarin karan, sai ga farin gari har ƙasa. Ta shinshina.

"Maganin gara! Umma, wa ya barbaɗa wannan? Shi ke hana gam bushewa! Wallahi duk wanda ya yi, so yake ya ga bayana!"

Umma ta sassauta murya. "Ke, yi a hankali. Babanki ne. Kullum da safe yake zubawa. Ya ce gara ba za ta cinye wahalar 'yarsa ba, kuma kar in gaya miki."

Hadiyya ta juya. Baba na tsaye a bakin zaure da sabon ƙullin magani a hannu. Ya tura shi aljihu, ya gyara hularsa, ya fita.