Zanen Taya a Bayan Riga

Ta durƙusa a gaban babbar motar, ta zura tef ɗin awo daga simintin ƙasa zuwa ƙarfen cikinta. Santimita talatin da biyar. Ta rubuta a bayan ambulan ɗin da ke hannunta.

Dillalin ya tsaya a kanta yana kaɗa mukullai. Shagon nasa na ƙananan motocin gona ne, masu shiga daji da taɓo, kuma bai saba ganin mace ta zo ita kaɗai da abin awo ba.

"Hajiya, tashi kar ki ɓata kayanki. Duk lambobin nan suna cikin takarda."

"Gara in auna da hannuna."

Ba saye ya kawo ta ba. Kwana tara ke nan ƙanenta yana tsare. Su biyun a babbar gonar kiwo ɗaya suke aiki, ita a ɗakin magungunan dabbobi, shi yana ɗebo ciyawa da mota. Ranar Talata aka tsinci tsohon makiyayin gonar a cikin doguwar ciyawa, inda ya saba miƙewa da rana idan shanu sun kwanta. Mota ta bi ta kansa. Ya kwana biyu a asibiti bai yi magana ba, ya cika. Da aka tambayi wa ke aiki a wannan filin, kowa ya nuna ƙanenta.

"Yaya, wallahi ban ji na taka komai ba," ya ce mata ta bayan ƙarfe. Matarsa tana da cikin wata takwas, kullum tana zaune a ɗakin yayar, ba ta ci, ba ta tambaya.

Lauya ya gaya mata gaskiya. Rantsuwa ba za ta fitar da shi ba, sai an kawo abin da ido zai gani. Motoci uku ne a gonar, babbar da ƙanenta ke tuƙawa, matsakaiciya ta mai gonar, da wata ƙarama ta 'yan aike-aike. 'Yan sanda sun kulle su duka a rumbu, ba mai taɓawa. Abin da ke hannunta kawai hoton rigar marigayin ne, da zanen taya a bayanta, an ajiye rula a gefe. Sai takardar likita, wadda ta ce bayan tayar, ƙarfen ƙarƙashin motar ma ya buge shi a ƙirji.

Shago huɗu ta zagaya kafin ta sami wanda ke da irin motocin uku a jere.

Ta auna faɗin tayar babbar. Ashirin da takwas, haƙoranta a karkace kamar sawun kaza. Ta zaro hoton rabi daga ambulan. Na jikin rigar ashirin ne, zanensa ƙananan murabba'ai. Ta sake aunawa, ta sake dubawa.

"Wannan ita ce uwar ɗakinsu," in ji dillalin. "Buhun masara za ki ajiye a ƙasa ta wuce ta kansa ba ta taɓa shi ba. Kuɗinta dai, sai kin zauna tukuna in faɗa miki."

Ta matsa wajen matsakaiciyar. A nan ta daɗe. Ta auna cikinta ta gaba, ta auna ta baya, ta shafa tayar da tafin hannu. Talatin daga ƙasa, faɗin taya ashirin da biyar, zanen kuma igiya-igiya. Ta juya hoton sama, ta juya shi ƙasa, ko zai yarda ya yi kama.

"Ana canza mata taya? A sa mata siririya?"

"Wa zai yi wannan aika-aikar? Ƙusoshinsu ma ba ɗaya ba ne. Ki ɗauke ta yadda take, zan rage miki wani abu, don na ga kin san abin da kike nema."

Saura ƙaramar, can kusa da ƙofa. Ta nemi ruwa. Ta sha a tsaye, a hankali, ta mayar da kofin, ta gyara mayafinta. Dillalin ya duba agogo.

"Wannan ta masu lallaɓa aljihu ce. Rabin kuɗin waccan. Amma ba zan ɓoye miki ba, cikinta a ƙasa yake. Ko kututture kika hau sai kin ji shi har cikin haƙoranki."

Ta durƙusa. Ashirin da biyu daga ƙasa. Ta ɗora tef ɗin a kan tayar, ya tsaya cif a kan ashirin. Ƙananan murabba'ai a jere, ba ko ɗaya da ya saɓa.

Ta rubuta lambobin kamar yadda ta rubuta sauran, ta ja layi a ƙarƙashinsu. Ta dafa motar ta miƙe.

A bakin titi ta kira lauyan, ta karanta masa awon ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdu lillahi, ƙanenki ya fita," ya ce. "Kawo mini takardar yanzu. Saura mu san wanda ya ɗauki ƙaramar ranar Talata."

"Ga ni nan zuwa."

Ta tsaya motoci suna wucewa, ba ta tsayar da ko ɗaya ba. Ranar Talata da rana an kira ta a kan wata saniya da haihuwa ta zo wa da gardama, kuma don ta yanke hanya ita ce ta kutsa da ƙaramar cikin doguwar ciyawar, ta ji ta hau wani abu, ta ce kututture ne, ta wuce.