Sarah Datu

Sahadatu ta yi jifa da jaridar makarantarsu a tsakar gida. Ita ta sha rana a tashar Ayigya tana bin direbobin trotro, motocin haya, masu cusa ɗalibai kamar buhunan gawayi, don ta rubuta labarinsu, amma editan, wani ɗan Asante, ya buga sunanta "Sarah Datu". Labarin ya zagaye Zango, ana ta yabon wata Sarah.

"Yau sai kowa ya san ni ce," ta ce a ranta.

Sai ga babanta ya shigo yana huci, makullin trotro a hannunsa.

"'Yan sanda sun kama min mota saboda rubutun wata 'yar makarantarku. Kin san Sarah Datu?"

Sahadatu ta ɗora ƙafa kan jaridar a hankali.

"Baba, ban taɓa jin sunanta ba."