Mutumin Cikin Faifai

"Sake."

Karo na goma sha bakwai ke nan malamar ta faɗi haka, ko ɗago kai daga takarda ba ta yi ba. Dattijon ya goge gefen bakinsa da hankici, ya gyara tsayin makirifon da hannun hagu, ya ja numfashi.

"Ku fitar min daga gida kafin in ƙirga uku!"

"Ka haɗiye rabin kalmar ƙirga, Baba. Saurari yadda yake yi."

Ta ɗaga yatsa. Mai haɗa sauti da ke bayan gilashi ya danna, muryar nan ta sake cika ɗakin, kakkaura, garau, kowane harafi da kaifinsa. Mutumin cikin faifan ne. Shekara ashirin yana fitowa a matsayin masifaffen maigida a wasan kwaikwayon gidan rediyon, sannan aka daina jinsa. Masu sauraro sun ishi gidan da tambaya. Shugabanni sun ba dattijon zuwa Juma'a, in bai iya kwaikwayon muryar ba a ba wani. Yau Laraba.

Ya tsani mutumin nan. Ya tsani yadda yake jan numfashi ba a ji, da yadda yake wasa da kalmomi kamar bai san suna da nauyi ba. Ɗan rainin wayo, wanda bai taɓa sanin wahalar furta ƙ guda ɗaya ba.

Malamar ma ya kusa tsanarta. Sa'ar 'yarsa ta biyu ce, amma ta sa shi ya ciji fensir yana karatu, ta sa shi hura iska a kofin ruwa kamar ɗan yaye. Jiya da ya ce ya gaji, cewa ta yi, "Murya daga cibiya take tasowa, maƙogwaro hanya ce kawai." Duk cikin maganganunta babu wadda ta ƙona masa rai kamar wannan, har ya kasa cin abinci da ya koma gida. Matarsa ta ce ya haƙura ya zauna, wa ya aike shi. Kallon da ya yi mata ya sa ta kwashe kwanukan ta bar masa falon.

Karo na goma sha takwas, harshen ya sake harɗewa.

"Sake."

Na goma sha tara, miyau ya sarƙe shi. Mai haɗa sauti ya kawar da kai, tausayi ƙarara a fuskarsa, abin da dattijon ya fi ƙi ke nan a duniya.

"In ba za ka iya ba ka faɗa min," in ji malamar, tana tattara takardu. "Akwai mutum uku suna jira a waje. A sake sa masa faifan."

Dattijon ya buga tebur, kofin ruwa ya kife. Ya miƙe ba tare da ya nemi sandarsa ba.

"Ni za ki gaya wa haka? Ni? Ku kashe min muryar mutumin nan! Ku fitar min daga ɗakin nan kafin in ƙirga uku!"

Ruwa yana ɗiga daga tebur. Jar fitilar ɗaukar murya tana kunne. Mai haɗa sauti ya cire abin kunnensa a hankali, ya miƙe tsaye.

Malamar ta saki takardun. Hawaye ya wanke mata fuska, ta durƙusa a gabansa kamar yadda ta yi ranar da ta fara zuwa ɗakin nan tana ɗalibarsa.

"Ka yafe min, Malam. Haka ka yi min kafin tawa muryar ta fito."

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye a kan wannan kujerar, sai yau ya kamo muryarsa da ya bari a cikin faifan.