Abin da Ya Tashi Masunci

Kwana shida da kwantar da shi a asibitin Mangochi, sukar ƙugiya ta zama ciwon da ya shiga jini har an fara kiran dangi, sai masuncin ya buɗe ido ya ce yunwa yake ji.

Matarsa ta rangaɗa guɗa. Ita ta dangwala yatsa aka sa shi a gwajin bitamin mai yawa da ake zubawa cikin ƙarin ruwa, ban da maganin da kowa ke samu. An gaya mata rabin majinyatan ruwan gishiri kawai za a ba su, amma ta rantse nata mijin ya dace. Duk kasuwar kifi sai da ta haddace labarin bitamin.

Da shekara ta zagayo, likita ta buɗe takardar gwajin a gabansu.

"Baba, kai ruwan gishiri ka samu."

Masuncin ya tuntsire da dariya. "To, uwar bitamin, me za ki gaya wa 'yan kasuwa?"

Ta gyara ɗaurin zane, ko a jikinta.

"Likita, rubuta wannan. Kullum sai na raɗa masa a kunne, in ya kuskura ya mutu, ƙaninsa zan ba kwalekwalen."